Tambaya ta Talatin da Ɗaya

Litinin, bayan la'asar

Na yi kuskure yau. Bari in rubuta shi da ɗuminsa, kafin zuciya ta fara yi masa kwaskwarima.

Wata huɗu ke nan ina wannan aiki. Muna bin gidajen matan da suka haihu cikin wata biyu, mu yi musu tambayoyi hamsin da biyu, mu danna amsa a na'ura. Sau nawa kika je awo, a ina kika haihu, jini ya tsaya, jariri yana kama nono. Da amsoshin ake gane unguwar da ke da ƙarancin ma'aikata, da kuma matar da za a tura wa Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke zagaya gidaje. A wurin bita an nanata mana doka ɗaya har ta gundure mu: daga ke sai mai jego a ɗaki. Ko uwar da ta haife ta ce, a ba ta haƙuri ta fita.

Gida na arba'in da bakwai, mai shuɗiyar ƙofa, bayan shagon mai walda. Yarinyar ba ta fi ashirin da biyu ba, haihuwar fari, kwana goma sha tara. Mijinta direban babbar mota ne, yana hanya. Surukarta na zaune a bakin gado da jaririn a cinya. Tsohuwa mai fara'a, ta jawo mini kujera, ta ce, "Zauna 'yar nan, kin sha rana." Na buɗe baki in ce ta ba mu wuri. Na dubi furfurarta. Sai na ji bakina yana cewa, "Ina gajiya, Inna?"

Duk abin da na tambaya, Inna ke amsawa. Da muka zo ta talatin da ɗaya na karanta yadda aka rubuta: "Cikin mako biyun nan, kin taɓa jin tsoron za ki cutar da kanki ko jaririnki?" Inna ta yi dariya. "Subhanallahi! Su wa ke ƙirƙiro muku waɗannan? A'a. Sa a'a." Na dubi yarinyar, tana kallon bango. Na danna a'a.

Can Inna ta saɓa jaririn a kafaɗa, ta fita kawo mini ruwa. Yarinyar ta faɗa mini magana ɗaya. Na ce mata, "Allah ya sauwaƙe, ki yawaita addu'a." Inna ta dawo, na sha ruwa, na ƙarasa tambayoyin, na danna turawa.

Maganar ba zan rubuta ta yau ba.

Talata, bayan asuba

Cewa ta yi, "Anti, kada a bar ni da shi ni kaɗai. Ina tsoron hannuwana."

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Da ta shiga jerin masu "e", da yau Sista tana gidan. Haka tsarin yake, cikin kwana biyu ake zuwa. Mai "a'a" kuwa ba wanda zai leƙa ta sai bayan wata shida.

A ofis na tambayi abokiyar aikina, wadda muke ce wa Rediyo saboda ba ta da makunnin kashewa. Na ce, wai idan mutum ya tura fom, ana iya komawa a gyara? Tana cin gyaɗa, ta ce, "Ustaziya, ke ma kin fara kuskure? To duniya ta zo ƙarshe. Ba a komawa. Sai Shugaba ta buɗe da lambarta, kuma sai kin rubuta dalili. Idan dalilin karya doka ne, a kwashe duk fom ɗinki a zubar, a sake daga farko. Wacece?" Na ce tambaya kawai nake yi. Ta ce, "To ki tambayi cikinki ko ya ci abinci, kin yi zuru-zuru."

A makarantar allo idan ka ɓata harafi, ruwa kake ɗebowa ka wanke, ka jingina allon a rana. Wannan allon nasu na gilashi ba ya wankuwa.

Laraba, azahar

Gida biyar yau. A duka biyar ɗin mai jego ita kaɗai na tarar. Ban san abin da zan yi ba da na tarar da wata tsohuwar.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Layin mai walda ba ya kan hanyata, amma ta nan na bi. Ƙofar a rufe. An shanya kayan jariri a kan igiya, ana hango su ta saman katanga, ƙananan riguna shida da zani biyu. Wanda ke wanki lafiyarsa ƙalau, haka na gaya wa kaina. Daga baya na tuna ba lallai ita ta wanke ba.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Hajiya, wani gida kike nema?" Na ce a'a. Bakina ya saba da a'a kwanan nan.

Doka ta hana mu koma gidan da muka gama. Ta kuma hana mu faɗa wa kowa abin da mai jego ta ce, mun sa hannu a kan haka. Ina ta jujjuya waɗannan dokoki biyu kamar su ne suka ɗaure ni. Wadda na karya kuwa ba na son kallon ta.

Juma'a, bayan la'asar

Na ƙona shinkafa. Malam, maigidana tela, ya dawo daga shago ya tarar ina kankare tukunya, ya tsaya a ƙofar kicin da tef ɗin awo a wuya, ya manta bai cire ba. Ya ce, "Shekara ashirin da shida, yau na fara jin ƙauri a gidan nan. A yi mini bayani."

Ban faɗi gida ba, ban faɗi layi ba. Na ce wata yarinya ce ta gaya mini magana, ni kuma na rubuta akasinta. Na ce ina tsoron kada wannan ya zama shaidar zur. Ya ce, "Zur ɗin ki bar wa malamai su yi ta muhawara. Yarinyar fa?" Na ci gaba da kankare tukunya. Ya sassauta murya ya ce, "Irin ta shekarar da kika haifi na uku ce?"

Na ce ban tuna wannan shekarar ba.

Ya ce to. Ya ɗauki tukunyar ya ƙarasa kankarewa.

Asabar, hantsi

Na wanke labulaye. Ba su yi datti ba.

Lahadi, ƙarfe uku

Wataƙila gajiya ce ta sa ta faɗa. Mai jego ba abin da ba ta faɗa. Wataƙila ma ta manta. Kuma ai ba ita kaɗai ba ce a gidan, ga tsohuwa nan tsaye a kanta. Kuma ni ba likita ba ce, tambaya aka aike ni in yi.

Na karanta abin da na rubuta a sama. Kowane layi gaskiya ne, amma jimlarsu ban yarda da ita ba.

Litinin, bayan azahar

Taron mako. Na fito daga gida da niyyar magana, har na tsara kalmomin a cikin mota. Shugaba, yarinya ce sa'ar 'yata ta fari amma aiki a hannunta kamar ta shekara talatin tana yi, ta haska taswira a bango. Unguwannin da aka samu masu "e" a tambaya ta talatin da ɗaya an yi musu ɗigo ja. Tawa fes, ba ɗigo ko ɗaya. Ta nuna ni ta ce, "Ku dubi aikin Mama, ba gibi, ba tsallake, ba ta taɓa neman gyara ba. Ku yi koyi." Suka tafa. Rediyo ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "A ba Ustaziya kujerar Shugaba mu huta."

Na yi murmushi. Allah ya gani, murmushi na yi.

Sannan Shugaba ta ce da wannan taswira za a raba ranakun Sista na wata mai zuwa. Inda ba ja, za a rage zuwa.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Lambar wayar gidan tana cikin littafin jerin gidajena. Na kira daga bayan ofis, wajen tankin ruwa. Inna ta ɗauka. Na ce mai tambayoyin nan ce, na kira in ji lafiyar mai jego. "Ayya 'yar albarka! Lafiya lau, tana barci." Na ce jaririn fa? "Ga shi a bayana." Na ce idan ta tashi ko zan sake kira. Ta ce, "Wayar tana hannuna, duk abin da kike so ki faɗa mini."

Tana barci ƙarfe goma sha ɗaya. Ba laifi ba ne. Mai jego tana barci a kowane lokaci.

Laraba, la'asar sakaliya

Na je. Na ce na yar da biro a gidan, ko sun gani. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma wannan da ƙafata na taka na kai ta.

Inna ta tarbe ni kamar wancan karon, sai dai idanunta sun yi ja, ɗankwalinta a karkace. Jaririn yana goye. Muka tsaya a tsakar gida tana ta duba ƙarƙashin benci tana neman biron da yake cikin jakata. Rijiyar gidan an rufe ta da murfin ƙarfe, an sa kwado. Ranar Litinin ɗin can a buɗe take, da guga a bakinta, na tabbata, don daga nan aka ɗebo ruwan da ake wanke-wanke. Ban tambaya ba.

Ta labule na hango yarinyar a kwance, ta ba ƙofa baya. Kwanon abinci a ƙasa ba a taɓa ba. Na yi sallama da ƙarfi. Kafaɗarta ta motsa, amma ba ta juyo ba. Inna ta ce, "Kunya gare ta, 'yan yanzu ma akwai masu kunya." Ta rako ni har ƙofa tana sa mini albarka.

A hanya na wuce inda zan hau mota, sai da na yi tafiya mai nisa na farga.

Alhamis, bayan asuba

Kwado. Sabo ne, ko tsatsa bai yi ba.

Alhamis, ƙarfe biyu

Shugaba ta tafi taro, sai gobe. Na zauna a benci gaban ofishinta kusan awa guda duk da an gaya mini ba ta nan. Maigadi ya kawo mini shayi.

Shekarar da na haifi na uku ba wanda ya zo mini da fom. Ƙanwar Malam ce ta tare a gidanmu wata biyu, aka ce wa mutane ta zo koyon ɗinki. Har yau ba ta iya zura zare a allura ba. Ba mu taɓa maganar ba, ni da ita. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Juma'a, kafin azahar

Na faɗa.

Na rufe ƙofa na ce, "Shugaba, fom na arba'in da bakwai ƙarya ne." Na gaya mata komai, har biron. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kwana nawa yau?" Na ce goma sha ɗaya. Ta rufe ido. Ta ce, "Mama, me ya hana ki ce wa tsohuwar ta fita?" Na ce ta girme ni, kuma a ɗakin ɗanta take. Ta ce, "Da kin fito kin kira ni a waya fa?"

Ta buɗe fom ɗin da lambarta, ta mai da a'a ta koma e, ta kira Sista a gabana. Sista tana can wata unguwa mai nisa, wata ta yi zubar jini, ba za ta iya barin ta ba. Gobe da jibi motar ofis ba ta fita. Sai Litinin da safe. Shugaba ta kira lambar gidan da kanta, ta ce wa Inna idan an ga wani abu a kawo ta asibiti ko wane lokaci ne. Ina jin muryar Inna daga inda nake zaune: "Lafiya lau 'yar nan, wa ya ce muku wani abu?"

Ta karɓi na'urata da katin aiki. Ta ce in rubuta duk gidan da wani ya zauna a ɗaki lokacin tambayoyi. Na ce zan rubuta.

Da na fito Rediyo ta bi ni har bakin titi. Na ɗauka tsiya za ta yi. Ta ce, "Ni ma sau uku na bar wani ya zauna a ɗaki, kuma ban faɗa ba." Ta cusa mini gyaɗa a hannu ta koma ciki da sauri.

Asabar, hantsi

Tara. Na bi littafin gida-gida. Uwaye huɗu, surukai uku, yaya ɗaya, miji ɗaya da ya ce shi ma yana son ya ji. A lokacin kowane ɗaya da dalilinsa. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya na gani ba sai yau.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Na bi ta layin sau biyu. Shagon walda a rufe, ba mai tambayata. Na ji kukan jariri daga ciki, na tsaya har ya yi shiru, sannan na ƙara tsayawa har ya sake yi.

Litinin, azahar

Sista ta kira ni. Ta je, Inna ta tare ta a ƙofa da fara'a, ta ce mai jego tana wanka, a dawo wani lokaci. Ta jira rabin awa a waje, aka ce yanzu kuma ta kwanta. Sista ta ce, "Farar rigar nan tawa ce ta tsorata ta. Ke kuwa ta san fuskarki, har albarka take sa miki. Na roƙi Shugaba, gobe tare za mu je. Ba tambaya za ki yi ba. Aikinki ɗaya, ki fitar mini da tsohuwar daga ɗakin."

Aikin da ya gagare ni tun farko.

Talata, bayan la'asar

Ƙarfe tara muka isa. Sista ta sa atamfa, ta zuba kayan aikinta a jakar cefane. Inna ta buɗe, ta gan ni, ta ce, "Mai biro! Har yanzu ba ki haƙura ba?" Muka shiga har ɗaki. Yarinyar tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, ta rame sosai. Inna ta koma mazauninta a bakin gado.

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, na zo neman gafara. Ranar nan na rubuta amsarki a madadin tata, kuma ba daidai ba ne. Wannan ma'aikaciyar jinya ce. Don Allah ki taso mu fita, ni da ke, mu ba su wuri."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta gaba ɗaya. Ta ce, "A ɗakin ɗana?" Na ce, "E, Inna." Ta ce, "Ke kin san abin da kike cewa?" Na ce, "Na sani. Ta gaya mini." Sannan ta gyara goyon, ta miƙe, ta riga ni fita.

Muka zauna a benci kusa da rijiya. Ba ta dube ni ba, ta fara magana ƙasa-ƙasa. "Kwana talatin da huɗu ban bar su su biyu a ɗaki ba. Ko bayi zan shiga, da shi nake shiga. Salla da shi a bayana. Kina tsammanin son jin gulma ne ya zaunar da ni?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce, "Yarinyar kirki ce. Ni na zaɓi in riƙe ta kamar 'yata, uwarta ta rasu. Idan kuka rubuta a injinku cewa ta haukace, a ɗauke mata ɗa, ɗana ya dawo daga hanya ya ji a bakin mutane, me zan ce masa? Sai na ce in tsare su da kaina har abin ya wuce."

Na ce ba hauka ba ne, ciwo ne da ke samun mata bayan haihuwa, yana da magani, kuma ba raba ta da ɗanta aka zo yi ba. Ta ce, "Duk haka kuke cewa. Ke ina kika sani?"

Na gaya mata inda na sani. Abin da ban faɗa wa Malam ba ranar Juma'ar can, abin da ban iya rubutawa a nan ba, na faɗa wa tsohuwar da sau uku kacal na taɓa gani. Na ce yaron yanzu yana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lantarki, ya fi ubansa tsawo.

Ta ce, "Kuma kika warke?" Na ce na warke, amma na sha wahalar da bai kamata in sha ba, don ba wanda ya kai ni wurin masu magani. Ta kwance goyon ta miƙo mini jaririn, ta ce, "Riƙe mini shi kaɗan, bayana zai tsage." Kafin in gyara masa kai a hannuna ta jingina da kafaɗata. Na ɗauka kuka za ta yi. Barci ne ya kwashe ta, baki a buɗe, da rana tsaka, mai walda yana ta buga ƙarfe a waje.

Awa ɗaya da wani abu Sista tana ciki. Hannuna ya mutu, ban motsa ba.

Da ƙofa ta buɗe, yarinyar ce ta fara fitowa, da mayafi da 'yar jaka. Sista ta ce za su je a ga likita yau, da jaririn, da Inna idan ta yarda. Yarinyar ta tsaya a kanmu tana kallon surukarta. Ta ce, "Anti, a bar ta ta ƙara minti goma." Muka jira.

Alhamis, hantsi

Ina gida. Shugaba ta ce sai an zauna a kan maganata mako mai zuwa. Gidaje taran za a sake su, Rediyo ce za ta yi, ta ƙara da nata uku, ita ta kai kanta. Malam ya ce idan sun sallame ni akwai maɓallan da ke jiran mai ɗinkawa a shago. Na ce Allah ya kiyaye, ya ce amin, shi ma tsoron aikina yake.

Juma'a, bayan la'asar

Na kira Sista. Ta ce, "Mama, kin fi kowa sanin doka, ba na faɗin abin da ya shafi mara lafiya." Na ce haka ne, ki yi haƙuri. Har zan kashe ta ce, "Amma ba doka ce ta hana in gaya miki abin da na gani a layin jira ba. Na ga wata tsohuwa tana ta faɗa wai an riƙe jariri ba daidai ba, kansa zai karkace. Mai riƙon ta ce mata, Inna ki ƙyale ni, ɗana ne."